Yadda Na Kwana da Yunwa a Gidan Kifi

Tun da na dawo daga ƙauyen nan na bakin ruwa, duk wanda ya gamu da ni sai ya tsayar da ni. Malaman makarantarmu sun tambaya, ƙawayen da muka yi jami'a tare sun tambaya ta waya, har mai shagon bakin layinmu ya ce, "Malama Luba, wai an ce kin yi kuka?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk lokacin da na sake ba da labarin sai wani abu ya ɗan canza, abin da ke damuna ƙwarai. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya.

Sai dai in faɗa tun farko: ban rubuta komai a hanya ba. Rabin tafiyar hannuwana na riƙe da gefen jirgin ruwa, sauran rabin kuma yunwa nake ji. Mai yiwuwa na sa maganar wani a bakin wani, ko abin da ya faru da safe na mai da shi yamma. Sunan ƙauyen kuwa da gangan na ɓoye shi, don ban nemi izninsu ba. Batun kuka za mu zo wurin. Ina ganin hayaƙi ne, amma ba zan rantse ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, a Yelwa aka haife ni, Baba tela ne. Na karanta ilimin halittu, na yi bautar ƙasa, na dawo gida ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta. Rayuwata ba ta da wani abin mamaki. Bayan sallar asuba nake karatu, kafin Inna ta fara kiran a zo a tace gasara. Kowane shafi sau biyu nake bin sa, na farko don in gane, na biyu don in tabbatar na gane ɗin. Littafin aro kuwa sai na yi masa riga da tsohuwar kalanda kafin in buɗe shi. Littattafan labari ranar Juma'a kaɗai nake taɓa su, bayan la'asar, a matsayin ladan mako.

Burina shi ne digiri na biyu, a kan hayaƙin banda da lafiyar matan da ke yin ta. Yayar Baba, Gwaggo Kulu, fataucin busasshen kifi take yi, kuma tun ina ƙarama nake ganin ƙawayenta masu banda suna zuwa gidanmu da jajayen idanu da tari. Na rubuta abin da nake son bincikawa, na kai wa wata malama a jami'ar da na gama, wadda zan kira Dakta kawai. Ta karanta a gabana, ta cire tabarau.

"Luba, aikin ya yi kyau, amma daga cikin ɗaki kika rubuta shi," in ji ta. "Ba zan sa hannu ba sai kin samo gidan masu banda da suka yarda ki zauna da su tsawon lokacin kamun kifi. Ɗalibi ɗaya ya rage zan ɗauka bana. Ki kawo mini amsa kafin ƙarshen wata."

Ta ara mini wani littafi mai kauri a kan sarrafa kifi, ta ce tun tana ɗaliba take da shi. Da na gaya wa Baba, bai ɗaga kai daga keken ɗinki ba ya ce ya yarda, amma a gida ɗaya tak: gidan Iya Talatu, aminiyar Gwaggo, wadda suka daɗe suna ciniki. In Iya ta ƙi, magana ta ƙare sai wata shekara, in ma Dakta na nan. Wato digirina gaba ɗaya ya rataya a bakin wata tsohuwa da ban taɓa gani ba.

Ranar tafiya, koko kawai na sha. Na karanta cewa mai shiga jirgi da cikakken ciki yakan yi amai, kuma ban son in fara zumunci da mutane ta wannan hanya. Na kuma sayi rigar ruwa, irin mai launin lemo ɗin nan da ke hana nutsewa. Jakata ta cika da littattafai, rigar ta ƙi shiga, sai na ga mafi sauƙi in sa ta a jikina, a kan hijabi. Haka na isa tasha, inda Gwaggo ke jirana, don ita za ta kai ni.

Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa. "Hajiya Farfesa, motar ga ba ta iyo."

"Wuri ne babu a jaka, Gwaggo."

"Ku bar ta," in ji direba. "Ramukan da ke hanyar Wara, in anka yi ruwa, ita kaɗai za ta tsira."

Duk motar aka yi dariya. Ni ma na yi, amma ban cire rigar ba.

Mun bar Yelwa da hantsi, buhunan albasa a bayanmu, warinsu a gabanmu. Da muka zo wucewa ta Birnin Yauri, hirar motar ta ɗan mutu. Kowa ya san dalili, ɗaliban da aka taɓa sacewa a makarantar garin, amma ba wanda ya faɗa. Wata mata a kujerar baya ta yi addu'a a hankali, muka ce amin, sai can gaba direba ya sake kunna rediyo.

A wani shinge jami'in tsaro ya leƙo, ya ga lemon rigata, ya ce a buɗe jaka.

"Mene ne wannan?"

"Littattafai ne, ranka ya daɗe."

"Na sayarwa?"

"Na karantawa."

"Duka?" Ya zaro na Dakta, ya buɗe, ya ci karo da hoton tarwaɗa an tsaga ta biyu an sa wa kowane sashe suna. Ya daɗe yana kallo. "Ikon Allah. Kifin ma yanzu sai an yi masa digiri?" Ya mayar mini da hannu biyu, ya ce Allah ya ba da sa'a, in na zama babba kada in manta da shi. Ban tambayi sunansa ba, kuma wannan ma yana damuna.

Tunda littafin ya riga ya fito, sai na buɗe shi. Akwai babi a kan irin itacen da hayaƙinsa ya fi cutar da ido, kuma ina son in sake bin sa kafin mu isa. Ina cikin karatu Gwaggo ta fara yi mini magana. Na tuna na ji "Iya Talatu", na ji "abinci", na ji "kada ki". Na ce, "To, Gwaggo." Ta ce, "Kin jiya?" Na ce, "Na ji, Gwaggo." A gidanmu kowa ya san in ina karatu bakina ne ke amsawa, ba ni ba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan wurin.

Wara ranar kasuwa ce. Bakin ruwa cike da jirage, ana sauke kwandunan kifi ana loda gishiri da fetur da babura. Gwaggo ta zauna gaban mai masa ta ci ta ƙoshi, ta miƙo mini, na ce a'a saboda batun aman nan. Ta ɗaga kafaɗa ta cinye rabona.

Jirginmu na katako ne mai inji, mai shi wani dattijo ana kiransa Audu. Da ya gan ni da rigar, bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗiyata, kin kyauta. Da kowa zai sa, da na fi samun barci." Na juya na kalli Gwaggo don ta ji, amma tana can tana gardamar farashin kifin kurungu da wata.

Da jirgin ya bar gaɓa, ruwan ya buɗe har ba a ganin ɗaya gefen. A Yelwa na girma, ina ganin kogi kullum, amma ganin sa daga tudu daban ne da zama a kansa. Na ƙanƙame gefen jirgi ina karanta duk addu'ar da na sani. Sai na ga ruwa na taruwa a ƙarƙashin ƙafafuna.

"Ruwa na shigowa!" na ce, da muryar da ban san ina da ita ba.

Matar da ke kusa da ni, mai goyo, ta miƙo mini wata 'yar ƙwarya. "Kullum shina shigowa. Kwashe."

Na fara kwashewa ina zubarwa. Abin mamaki, tsoron ya ragu. Ina jin mutum in an ba shi aiki ba ya samun sararin tunanin mutuwa, amma wannan ra'ayina ne kawai, ban karanta shi a ko'ina ba.

Can tsakiyar ruwa Audu ya nuna da haɓa ya ce, "Nan Kebbi ta ƙare, can Neja ta fara." Na duba, ruwa ne nan, ruwa ne can. Na ce ina alamar? Ya ce alamar ita ce kifin can gefen ya fi tsada. Gaba kaɗan kuma ya rage gudun inji, ya ce ƙarƙashin nan garin kakanninsa yake, tun kafin a gina madatsa a tare ruwan. Ya faɗe shi ne kamar mai nuna gidan maƙwabci. Mun sauke wasu a wancan gefen, muka sake karkatowa, don haka har yau ban tabbata a wace jiha na kwana ba. Da na tambaya daga baya, aka ce mini lokacin zaɓe dai daga ɓangarorin biyu ake zuwa gaishe su.

Ƙauyen hancina ya fara ganin sa kafin idona. Hayaƙi ne kwance a kan rufin gidaje, da ƙamshin kifi mai sa yawu tsinkewa, musamman ga wadda koko kaɗai ta sha. Iya Talatu na tsaye a gaɓa. Gajeruwa ce, baƙa, idanunta jajaye kamar yadda na zata, muryarta kuwa ta fi ta injin Audu. Suka rungume juna da Gwaggo suna zagin juna.

"Ɓarauniyar kifi, kin zo?"

"Na zo, mai sayar da ƙaya da sunan nama."

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta taɓa rigar ruwan, ta faɗi wani abu da Gunganci, yaren mutanen wurin, matan da ke wurin suka kwashe da dariya. A nan dai na cire ta.

Gidan Iya babba ne, kuma ya ba ni mamaki. Ɗanta na fari liman ne a masallacin ƙauyen, na biyu kuma shi ke kaɗa ganga a coci, ɗakunansu na kallon juna, tukunyarsu ɗaya. Matar na biyun, Rahila, ita aka haɗa ni da ita. Kusan sa'ata ce, ta yi sakandare a Yelwa, har mun gano muna da malamin lissafi ɗaya da ya taɓa korar mu daga aji, kowa a shekararta. Ita ta nuna mini alƙibla, ta kawo mini buta da tabarma mai tsabta ba tare da na tambaya ba.

Bayan na yi sallah aka kawo abinci. Gwaggo da Iya kwano ɗaya suka sa a gaba. Ni kuma Rahila ta ajiye mini nawa: tuwon shinkafa, da miyar kuɓewa, da tsakiyar tarwaɗa mai kauri kamar damtsen hannu, mai na kyalli a kanta. Iya ta ce, "Ɗiyar Kulu, ci abinci."

To, a gidanmu, kuma ina jin a yawancin gidajen Yelwa, baƙo ba ya faɗa wa kwano daga tayin farko. Sai ya ce a ƙoshe yake. A ce haba. Ya ce wallahi yanzu ya ci. A ce ko loma ɗaya, kada ka raina mu. Sannan ya wanke hannu kamar an tilasta shi, ya cinye tas. Inna ta sha ja mini kunne a kan wannan. Don haka na sunkuyar da kai na ce, "Alhamdu lillahi, Iya, a ƙoshe nake."

"To, madalla," in ji Iya. "Rahila, kai wa yara."

Rahila ta ɗauke kwanon. Na bi shi da ido har ya sha kwana. Na jira a ce haba. Ba wanda ya ce haba. Gwaggo ta ɗago ta kalle ni, tana tsotsar kan kifi, ta mai da kanta ƙasa. Na ga kafaɗunta na rawa, na ɗauka ƙaya ce ta shaƙe ta.

Da yamma aka zagaya da ni wurin banda: murahun ƙasa a jere, ragar waya a kansu, kifi an lanƙwasa shi an soke da tsinke, mata na juyawa suna share hawaye da gefen zane. Na yi tambayoyi, sun amsa da fara'a, amma rabin hankalina na kan kifin. Bayan magariba Gwaggo ta shiga maƙwabta ganin kaya. Rahila ta leƙo ta ce, "Iya ta ce a zubo miki?" Na yi niyyar karɓa a tayi na biyu, wallahi na yi niyya. Na ce, "Kada ku wahalar da kanku saboda ni." Ta ce, "To," ta tafi. Haka na kwanta a ɗakin da aka jera kwandunan banda har rufi, da ƙuli-ƙuli biyu da na tsinta a ƙasan jaka. Na kuma fara zargin ko mutanen nan ba sa son zuwana.

Da safe Gwaggo ta danƙa mini kofin kunu, na shanye a tsaye. Ta ce Audu zai biyo bayan azahar, kuma ba wani jirgi sai kasuwa mai zuwa, wadda ta faɗa bayan wa'adin Dakta. In zan yi magana, yanzu ne.

Na sami Iya a gaban murhu. Na durƙusa. Jawabin da na shirya tun daga Yelwa, na kuma maimaita shi a raina sau da yawa, ga yadda ya fito, in ban manta ba:

"Iya, dama wata 'yar magana ce, ba wata mai muhimmanci ba. Dama cewa na yi, in ba damuwa, ko zai yiwu wani lokaci in ɗan zo in ɗan zauna, saboda karatu. Amma ba lallai ba ne. In akwai takura ko kaɗan, wallahi ba komai, a bar shi kawai. Ba dole ba ne sam."

A wurinmu wannan roƙo ne mai ƙarfi. Duk wanda ya ji shi ya san mai maganar ta matsu.

Iya ta juya kifi ɗaya, ta juya na biyu. Ta dube ni da tausayi. "To, ɗiyata. Tunda ba lallai ba ne, a bar shi. Kada ki damu kanki." Ta ci gaba da aikinta.

Na ce na gode. Har godiya na yi. Na tashi na nufi bakin ruwa, na zauna a kan wani kifaffen kwalekwale. A nan ne batun kukan ya taso. Iska na kaɗo hayaƙi ta wajen, wannan gaskiya ne. Amma kuma ina tunanin shekara guda ta asubahin da na yi ina karatu, da fuskar Dakta, da yadda zan koma aji in ci gaba da zana ƙwayar halitta a allo.

Rahila ce ta same ni. Ta zauna a gefena ta ce, "Ke kuwa me muka yi miki?"

"Ni? Ku ne dai ba ku son in zauna."

Ta buɗe baki. "Mu? Tun da Gwaggonki ta aiko da saƙo Iya ta sa aka share miki ɗaki, aka yi sabon daɓe. Jiya da kanta ta zaɓi tarwaɗar nan. Kin ƙi ci. Da dare kin ƙi ci. Yau kin zo kin ce ba lallai ba ne har sau nawa. Iya ta ce yarinyar nan tilasta ta aka yi, ƙyamar hayaƙi take, kunya ce ta hana ta faɗi, bari in sauƙaƙa mata."

"Amma ai ba a sake yi mini tayi ba!"

"A sake? Kin ce kin ƙoshi. In ta matsa miki, ai ta ce ƙarya kike ke nan. Iya ba ta ƙaryata baƙo."

Ban san Gwaggo na tsaye a bayanmu ba sai da na ji dariyarta. Dariya take har da riƙe ciki.

"Mi na ce miki cikin mota? Na ce gidan Talatu ba a alkunya. Abin da kinka faɗi shi za a ɗauka. In an ba ki abinci kada ki ce kin ƙoshi. Kinka ce, 'To, Gwaggo.' Na ce kin jiya? Kinka ce, 'Na ji, Gwaggo.'"

"To da kika ga an ɗauke kwanon, me ya hana ki magana?"

"Ina cin kifi. Kuma na ga karatu kinka zo yi."

Ba zan ce duk mutanen yankin haka suke ba, don gida ɗaya na sani, kuma Dakta ta hana mu yanke hukunci da gida ɗaya. Rahila ma ta ce akwai gidajen da suka koyi irin tamu. Amma a gidan Iya, magana ɗaya ce. Ni ina ganin rashin matsa wa baƙo rowa ne, ita tana ganin matsa masa raini ne, kuma kowaccenmu tana ta ƙoƙarin kyautata wa 'yar'uwarta har muka kusa rabuwa.

Na ce wa Gwaggo ta je ta gyara mini. Ta ce Allah ya kiyaye, ba ita za ta yi digirin ba.

Na koma wurin banda. Matan duka na nan, ga hayaƙi, ga rana ta fara zafi. Na durƙusa a gaban Iya. Duk kalmomin da na saba jingina da su suka taso mini a maƙogwaro, dama, wataƙila, in ba damuwa, na haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage shi ne ya fito.

"Iya, yunwa nake ji."

Iya ta ajiye tsinken hannunta.

"Tun yaushe?"

"Tun jiya da safe."

Ta dafe ƙirji, ta yi salati, ta juya ta zazzaga wa Gwaggo Gunganci wanda ko ba fassara na gane ba yabo ba ne. Kafin in ƙifta ido an ajiye mini tarwaɗa mai zafi daga kan raga, da dafaffen rogo, da yaji. Na ci a gaban kowa, da hannu biyu. Iya na zaune tana kallona kamar mai kallon gonarta.

Da na ga ƙarshen kifin, na ce, "Iya, ina son in zauna a gidanki tsawon lokacin kamun kifi. Ina so ƙwarai. In kin ƙi, karatuna ya tsaya."

"To me ya hana ki faɗi haka tun farko?" in ji ta. "Ɗaki na nan. Amma za ki ɗauko itace kamar kowa. Kuma in kin gano abin da ke ci mana ido, mu za ki fara gaya wa, kafin mutanen birni."

Na ce na yarda. Ta ce a ƙara mini kifi? Na ce a ƙara. Matan suka yi guɗa.

Sauran lokacin kafin jirgi ya zo shi ne mafi daɗin tafiyar. Iya ta ce in nuna mata abin da ya toshe mini kunne a mota. Na ɗauko littafin Dakta, na zauna a gefen murhu ina karantawa ina mayar musu da Hausa, Rahila na ƙarasa wa tsofaffi da Gunganci. Da na zo inda marubucin ya ce ɗanyen itace ya fi cin ido amma ya fi ba kifi launi, Iya ta buga cinya ta ce, "Wanga ya zauna gaban murhu! Ɗan wane gari ne?" Na ce ya daɗe da rasuwa, kuma daga wata ƙasa yake. Ta ce Allah sarki, da ta aika masa da kifi. Aka yi ta miƙa littafin hannu zuwa hannu ana kallon hotuna, ana gardamar ko wannan karfasa ce ko ba ita ba. Ina ganin yatsu masu mai suna sauka a kan shafuka, amma na ƙyale su. Rigar kalanda ta kare bango, ba ta kare ciki ba.

Dawowa ba ta da labari sosai. Na sa rigar ruwata, na nemi ƙwaryar kwasar ruwa da kaina. A Wara na ci masa tun kafin Gwaggo ta gama tayi. Baba ya ji labari ya yi dariya har ya karya allura, Inna kuwa ta ce wannan ɗabi'a in bar ta can bakin ruwa, kada in shigo mata da ita gida.

Kwana biyu na shanya littafin a inuwa, na sa shi cikin jaka da ganyen lemun tsami, duk a banza, ƙamshin banda na nan. Na kai wa Dakta shi ina shirin ba da haƙuri, na fara, "Dakta, dama wani ɗan abu ne ya faru, ba wani babba ba..." Ta karɓa, ta buɗe, ta kai hanci. Ta daɗe a haka, idonta a rufe.

"Lallai kin je," in ji ta. "Sun yarda?"

"Sun yarda."

"Ke fa, kina so?"

Na ji "in ba damuwa" ta taso. Na danne ta. "Ina so."

Ta jawo takardar ta sa hannu.

In Allah ya yarda, da an gama rajista da zangon farko zan koma. Na riga na fara karanta abin da ya shafi auna hayaƙi, sau biyu kowane shafi, kuma Rahila na koya mini gaisuwar Gunganci ta waya duk ranar da ta hau tudun da ake samun sabis.

Wannan shi ne abin da na iya tunawa. Gwaggo ta riga ta ce ƙuli-ƙulin uku ne ba biyu ba, kuma wai ba ta yi dariya a bakin ruwa ba, murmushi ne. Rahila, Malam Audu, matar da ta ba ni ƙwarya, da duk wanda ke cikin motar nan ko jirgin nan: inda na yi kuskure, ku aiko mini da gyara. Da can cewa zan yi in ba damuwa, in kun sami sarari, ba lallai ba ne. Yanzu kuwa ina so, kuma lallai ne. Ku aiko.